Fure a Tsakar Gidan Hausari

A Hausari, idan ka dasa wani abu a ƙofar gida, tun kafin ganyensa ya miƙe za a tambaye ka: "Ana ci?" Ka ce a'a, sai a ce, "To maganin me?" Idan nan ma ka ce babu, mai tambaya zai dubi shukar, ya dube ka, ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa wanda ake tausayi. Ban taɓa ganin laifinsu ba. Hausari tsohuwar unguwa ce ta 'yan kasuwa a Yerwa, a jikin Kasuwar Monday, gidaje manne da juna. Tsakar gida kuwa tuni an raba shi tsakanin murhu, igiyar shanya, turken akuya da wurin wasan yara. Ruwa ma a gidaje da yawa saye ake yi. Wanda ya biya mai moya kuɗin jarka, sannan ya juye rabinta a gindin abin da ba ya shiga tukunya, dole a nemi jin dalilinsa.

Dalilina garin ne kansa. Lokacin da Shehu Garbai ya kafa Yerwa a 1907, babu wannan inuwar maina da muke taƙama da ita. Maina baƙuwa ce, asalinta Indiya da maƙwabtanta, kuma sai a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Wasu mutane da ba mu san sunayensu ba suka yi ta ɗaukar ruwa suna zuba wa 'yan tsirrai a cikin rairayi, alhali sun san ba su ne za su fi morar inuwar ba. Yau mai shayi, mai faci, mai yankan farce da 'yan majalisa duk a gindinta suke, babu mai tambayar ko ana ci. Da yawa ma ba su lura tana fure ba, sai dai su ji wani ƙamshi da dare a farkon bazara, su ɗauka daga gidan amarya ne.

Amma maina ta zauna ne domin ta dace da wurin. Wannan shi ne babban abin da shekarun da na yi ina renon furanni suka nuna mini: ba mai sayarwa ne ke zaɓa maka abin da za ka dasa ba, ba kuma hoton da ka gani a waya ba. Maris, Afrilu da Mayu ne ke zaɓa. Ruwan samanmu bai wuce kusan milimita 600 a shekara ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Daga nan sai hunturu da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sai bazara da zafi ke haura digiri 40 kwana da kwanaki. Duk shukar da ba ta da dabarar tsallake waɗannan watanni, kuɗinka ne kawai za ta ci.

Masu sayar da furanni a bakin titi sukan jera su cikin baƙar leda, a ƙarƙashin inuwa, ana yayyafa musu ruwa safe da yamma. Da yawa daga Jos ko daga kudu aka kawo su, kuma Jos tudu ne mai sanyi da ruwan sama ninkin namu. Shi ya sa abin da ya yi shar a wurin mai sayarwa yakan yi yaushi mako ɗaya bayan ya shiga gida. Wani dattijo da nake saye a wurinsa ba ya ba ka shuka sai ya yi maka tambayoyi. "Malam, rana tana barin tsakar gidanka ƙarfe nawa? Ruwanka na famfo ne ko na saye? Akwai akuya?" Na taɓa nuna masa wata mai jajayen furanni, na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Wannan ta gidan mai rijiya ce. Ɗauki waccan mai ƙaya." Ba kowane mai sayarwa ne zai hana kansa ciniki haka ba.

Mai ƙayar ita ce bogambiliya, kuma da za a ce in zaɓi shuka ɗaya tak domin gidan Hausari, ita zan ɗauka. Daga Burazil ta fito. Masu binciken tsirrai da ke cikin ayarin jirgin ruwan wani Bafaranshe, Bougainville, su suka ci karo da ita a can a shekarun 1760, aka sa mata sunansa. Abin da muke gani ja ko ruwan hoda ko fari muna kira fure, ba fure ba ne, ganye ne da ya rikiɗa ya yi launi. Furen na ainihi ɗan ƙarami ne fari, uku-uku a tsakiya, sai ka matsa kusa za ka gan shi. Wannan ne ya sa adonta ke daɗewa: ganye ya fi fure jure rana da iska.

Halinta kuwa ya saɓa wa tunanin mai sonta. Idan kana ba ta ruwa kullum, kana tura mata takin zamani, za ta yi tsawo, ta yi ganye kore shar da ƙaya zaƙo-zaƙo, amma launi ko ɗigo. Wata maƙwabciyarmu da ke da rijiyar burtsatse a gida ta taɓa aiko ɗanta ya kira ni. Ta ce, "Malam, tawa ta fi taka girma sau biyu, me ya sa taka ce kaɗai ke ado?" Na ce, "Hajiya, ki rufe mata tiyo." Ta ɗauka wasa nake yi. Shuka ce da ke fure idan ta ji alamar fari da gajartar yini, saboda haka da zarar ta kama ƙasa sosai, ba ta bukatar ruwa sai ganyenta ya fara ɗan sunkuyawa da rana. A lokacin sai a ba ta mai yawa, ya nutse har ƙasa, a sake ƙyale ta. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da garin ya yi furu-furu da ƙura, ita ce ke cin kasuwarta. A sabon reshe take fure, don haka bayan kowane zubi ya kaɗe sai a datse kawunan rassan, su yi 'ya'ya. Idan kana so ta hau katanga ko ta rufe saman zaure, ka ɗaure ta tun reshen yana da laushi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ba karin magana ba ne, domin busasshen reshenta karyewa yake yi, ya bar maka ƙaya a tafin hannu.

Rauninta ɗaya ne: saiwa. Siririya ce, mai saurin tsinkewa. Ranar dashe ba a zare ta daga leda. Reza ake sa wa a tsaga ledar, a ɗauki ƙasar dunƙule a ajiye a rami.

Lokacin dashe shi ma ba a wasa da shi. Ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan damina ta zauna, shi ne daidai, domin shuka ta samu wata biyu ko uku na ruwan Allah, sannan sanyin hunturu, kafin bazara ta zo ta same ta da saiwa mai zurfi. Wanda ya dasa a Fabrairu don ya ga ana sayarwa da fure a kai, ya ɗaukar wa kansa dakon ruwa. Nakan haƙa rami mai zurfin gwiwa tun kafin ruwa ya sauka, in cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen kashin awaki, wanda ya kwana biyu har warinsa ya fita. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma gayyato gara. Da yamma ake dasawa, a yi wa gindin 'yar kwarya da ƙasa yadda ruwa ba zai gudu ba, a rufe da busasshen ganyen maina ko ɓuntun shinkafa, amma a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da jikin shukar. Idan ciyawa ta taɓa kara, gara ta samu gada.

Maganar ruwa ita ce rabin aikin. Yayyafi na kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, inda rairayi ke yin zafin da ba ka iya taka shi ba takalmi. Dabarar da ta fi yi mini amfani tsohuwa ce: a binne tulun ƙasa a gefen shuka har wuya, a cika shi, a rufe bakin da fai-fai ko fasasshen kasko. Ruwa yana tsatsowa ta jikin tulun a hankali, daidai inda saiwa take, rana ba ta samun rabonta. Inda babu tulu, gorar roba da aka huda gindinta da allura tana yin kusan haka. Sannan akwai ruwan da kowane gida ke zubarwa a kwata. Na mayar da wurin alwalarmu gindin wata bishiyar fure, farangifani, kuma tun daga lokacin ban sake saya mata ruwa ba, sau biyar a rana tana samun rabonta. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya duk suna yi. Wanda ba ya yi shi ne ruwan wanki mai omo, domin gishirin da ke cikinsa taruwa yake yi a ƙasa, gefen ganye ya ƙone, ƙasar ta daskare.

Gishirin nan ko babu omo yana zuwa. Duba bakin tukunyar fure a watan Afrilu, za ka ga wani farin abu ya kewaye ta. Abin da ruwa ya bari ne bayan rana ta shanye shi. Shi ne ajalin iksora, mai dunƙulallun jajayen furannin nan da ake shinge da ita a Legas da Fatakwal. Ƙasa mai ɗan tsami take so. Idan ƙasa ta yi kanwa-kanwa, saiwarta ba ta iya jan sinadarin ƙarfe ko da yana nan, sai sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kawai ke kore. Mutane sukan ga haka su ƙara taki, ko su barbaɗa toka don korar gara, toka kuwa ƙara kanwar take yi. Ana iya renonta a tukunya, a inuwar safe, da ruwan sama da aka tara a randa. Ni dai a ganina wahalarta ta fi adonta.

Habiskus ta fi ta sauƙin kai, duk da ita ma mai shan ruwa ce. Duk wanda ya taɓa kallon furen kuɓewa, rama ko yakuwa zai gane danginsu ne. Furenta yini ɗaya yake yi ya faɗi, gobe wani ya buɗe. Ba ta son ranar yamma, musamman a jikin katangar siminti da ta sha zafi tun azahar, saboda haka gabashin ɗaki ne wurinta. Ita ce kuma ƙwari suka fi so. Idan ka ga kiyashi na hawa da sauka a jikinta, ɗaga ganye ka duba: za ka tarar da darɓa ko wani farin ƙwaro mai gari-gari a maƙale a hammatar reshe, suna tsotson ruwanta, kiyashin kuma zaƙin da suke fitarwa yake bi. Maganin yana zube a bakin titi. A tsinci 'ya'yan maina, a wanke, a shanya, a ɓare, a daka ƙwayar kamar giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga ɗan ruwan sabulu, a fesa a bayan ganye. Da yamma ake fesawa, don rana tana kashe ƙarfinsa, kuma sai an maimaita bayan mako. A hunturu kuma, wanke ƙurar ganye sau ɗaya a mako yana rage ƙwari fiye da yadda mutum zai zata.

Manyan itatuwan fure ba na gidajenmu ba ne, gara a faɗi gaskiya. Filamboyan, 'yar asalin Madagaska, da ke yin ja wur a ƙarshen bazara, babu mai ganinta bai tsaya ba. Amma saiwarta a sama take yaɗuwa, tana ɗaga daɓe, tana tsaga katanga, tana neman shadda. Wurinta filin makaranta, harabar masallaci ko gidajen GRA masu faɗi. A Hausari, inda katangarka ita ce bangon ɗakin maƙwabci, dasa ta neman shari'a ne.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda ko fari, da 'yar uwarta mai furen rawaya mai siffar mazurari, suna jure fari da ƙura fiye da kusan kowace shuka, shi ya sa ake cika tsakiyar titi da su. Amma daga saiwa har fure guba ne, mai taɓa zuciya. Akuya takan ƙi ɗanyen ganyen saboda ɗaci, sai dai idan an datse ya bushe ya gauraya da harawa, ba ta bambancewa. Ba a hura wuta da itacenta, ba a tsire nama da tsinkenta, kuma ƙwallon mai rawayar yana jan hankalin yara. Gidan da ke da masu rarrafe ko turke, a bar ta a waje. Farangifani ma farin ruwan da ke fita idan an karya ta yana ƙona ido. Akuya kuwa, in ba waɗannan masu guba ba, babu wanda take ɗaga wa ƙafa. Duk abin da aka dasa a ƙofar gida sai an kewaye shi da bulo ko ragar waya har ya wuce inda bakinta ke kaiwa idan ta miƙe da ƙafa biyu.

Abin da ke ba ni haushi a harkar nan shi ne yadda muka raina namu. Zagaya wuraren sayar da furanni, da wuya ka samu marga, wadda ke sauke zarara-zararan furanni rawaya a tsakiyar rani. Ba za ka samu sansami ba, da ke rufe kansa da fure ruwan hoda lokacin da babu ganye ko ɗaya a jikinsa, balle minjirya ko gurjiya masu ja. Itatuwan dajinmu ne, sun san bazara tun kafin a haife mu, ba su bukatar tulu ko tiyo bayan shekarar farko. Sai dai da yake ba daga Turai hotonsu ya zo ba, itacen wuta kawai ake ganinsu. Shekarun rikicin nan da suka tara jama'a a cikin gari, da dogon duhun da aka shiga bayan lalata turakun lantarki na hanyar Damaturu a farkon 2021, sun sa gatari da buhun gawayi sun ci da yawa daga cikinsu.

Biyu daga cikin namu sun dace da ƙaramin gida. Na farko lalle. Kowa ya san ganyensa, musamman a garin da ba a kai amarya sai an yi ranar lalle, amma kaɗan ne suka bar shi ya yi fure. Ƙananan furanni ne masu launin madara, a cunkushe a kan reshe, ƙamshinsu da magariba yana cika gida har ya leƙa zaure. A garin turaren wuta da humra, abin mamaki ne a ce ba kowane gida ke da shi ba. Yana yin shinge, yana jure aski, kuma shi kaɗai ne idan aka tambaye ka amfaninsa mata za su riga ka amsawa.

Na biyu kariya. A daji take fitowa, gindi a kumbure, rassa gajeru, fure ja da fari a lokacin da komai ya bushe. Maharba sun san ta da dafin kibiya, don haka ita ma a nesa da yara. A Tailan da Taiwan an mayar da ita sana'a, ana aurar da iri da iri, ana fitar da launuka ana sayar wa duniya, har wasu su dawo mana a leda da tsada. Kumburin gindin nan rumbun ruwanta ne. A tukunyar ƙasa mai huji, da yashi mai tsakuwa, a rana tsantsa, tana iya yin makonni babu ɗigon ruwa.

Duk wannan lissafi na fari ne, kuma shi muka iya. A daren 9 ga Satumba 2024 zuwa wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya bi kogin Ngadda ya shiga unguwar Gwange, ya mamaye Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. An rasa rayuka, dubban ɗaruruwan mutane sun bar gidajensu. A irin wannan rana babu mai tuna fure, ni ma ban tuna ba. Sai bayan mun dawo, mun kwashe laka daga ɗakuna, na dubi abin da ya rage a tsakar gida.

Waɗanda nake alfahari da juriyarsu su ne suka fara tafiya. Saiwa tana numfashi ta 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, idan ruwa ya cike su kwana biyu ko uku sai ta shaƙe ta ruɓe, kuma shukar da aka halitta domin fari ita ta fi saurin shaƙewa. Gindin kariya ya yi laushi kamar dafaffiyar kabewa, yatsa na shiga. Farangifani ta yi baƙi daga ƙasa. Bogambiliya ta zubar da ganye kaf. Habiskus kuwa, da kullum nake yi wa gorin shan ruwa, ta tsaya, lalle ma ko a jikinsa.

Abin da ya ceci wasu shi ne saurin yanka. Kariya da farangifani idan ruɓa ta kama gindi, ba a jiran ta warke. Wuƙa mai tsabta ake sa wa a yanke reshe daga sama, a ci gaba da yankewa har sai an ga farin nama babu ɗigon baƙi, a ajiye a inuwa mako ɗaya ko biyu bakin ya bushe, sannan a soka a busasshen yashi, kada a ba shi ruwa sai ya nuna toho. Bogambiliya kuma ba a yi mata gaggawar tumɓukewa. A kankare ɓawon da farce, idan akwai kore a ciki tana da rai. Na fasa busasshiyar lakar da ta toshe gindinta, na datse rassan da suka mutu, na hana ta ruwa da taki, kafin hunturu ya yi nisa ta fito da toho daga tsohon kututture. Lakar ma sai da aka kankare aka fitar, da safar hannu, don ruwan ya bi ta shadda da kwatoci kafin ya iso mu.

Yanzu duk mai gudun ruwa a tukunya yake, a kan bulo, yadda mutum biyu za su iya ɗaga shi zuwa saman katanga. Wanda zai shiga ƙasa kuma a kan ɗan tudu nake dasa shi, kwaryar ruwan tana kewaye da tudun, ba a jikin kara ba. Rassan da na ceto sun yi yawa har na rarraba a layinmu, yawanci ga matan da suka rasa nasu. Sai dai kariyar da aka samu daga reshe ba ta yin kumburarren gindin nan irin na wadda ta tsiro daga iri. Mai son wannan sai ya jira ta yi kwanso, biyu-biyu masu siffar ƙaho, ya naɗe shi da zare tun bai tsage ba, domin kowace ƙwaya tana da gashi a kai da gindi, iska ɗaya ta hunturu ta isa ta kwashe su. Kuma a shuka da wuri, a yashi mai ɗan danshi, don irin ba ya jure ajiya.